Sharar da Na Yi wa Auta

A gidanmu an san ni da shara. Tun muna Kano, idan abu ya ɓace ba a cewa ɓarawo ya shigo, cewa ake a je a duba kwandon Yaya. Mahaifiyarmu, Hajiya, ta sha ce min ranar da ta daina moruwa ta san ni zan kai ta bola, mu yi ta dariya. Yanzu ina aikin likita a Salford ta ƙasar Ingila, muna zaune a unguwar Gorton ta Manchester da maigidana da 'ya'yanmu biyu, kuma halin nan bai bar ni ba. Har yau maigida a bayan mota yake ɓoye takardunsa. Da wannan hannun nawa na goge aikin ƙanina na ƙarshe a duniya, kwana tara bayan mun binne shi, kuma a lokacin wallahi gani nake alheri nake yi masa.

Shi ne autanmu. Shekara goma sha ɗaya na ba shi, ni na goye shi, ni na yi masa wanka, saboda haka ban taɓa jin akwai abin da ya sani wanda ban sani ba. Da ya samu scholarship zuwa Birmingham ya ce karatun teku zai yi, gidan ya ɗauki salati. Yaron da ruwan da ya taɓa gani mafi girma shi ne na dam ɗin Tiga, shi ma daga cikin mota! Hajiya ta ce, "Duk karatun duniya ka rasa wanda za ka yi sai na kifi? Wanda ake soyawa?" Ni kuma na ce masa ya dubi taswira, garin da za shi a tsakiyar ƙasa yake, ko ƙanshin teku ba ya kaiwa can. Ya ce shi dai a yi masa addu'a. A wurin ninkaya na ƙaramar hukuma ya koyi iyo, cikin tsofaffin Turawa mata masu zuwa motsa gaɓoɓi da safe, su ne suke yi masa tafi idan ya kai ƙarshen layi.

Aikin nasa na hoto ne a ƙarƙashin ruwa. Kowace shekara sai ya tafi wani ƙauye a gabar tekun Kenya ya yi wata biyu. Ya goya tukunyar iska a baya, ya sa kyamararsa a cikin wani akwatin da ruwa ba ya shiga, ya faɗa daga kwalekwale. Muddin yana can, Hajiya ba ta da kwanciyar hankali. Ita a wurinta ruwa yana da mutanensa, kuma ba sa son mai yawan leƙe. Duk Juma'a sai ta sa an toya waina an raba sadaka, har ranar da zai kira ya ce ya sauka a Ingila.

Idan ya dawo, ƙarshen mako sai ya hau jirgin ƙasa ya zo Manchester ya cinye min tuwo. Ya haɗa laptop ɗinsa da talabijin, yara su zauna a ƙasa baki buɗe. Kifaye ne iri-iri, wani rawaya kamar garin ɗorawa, wani da zane a jiki sai ka ce atamfa. Akwai wani mai baki irin na aku, wai dutse yake gurgura ya yi kashin yashi. 'Yata ta ce, "Uncle, that's disgusting," wai abin ƙyama ne, da wannan Turancin nasu na Manchester da ni kaina sai na kasa kunne. A nan ya gaya mana wai murjani, irin wanda Hajiya take ɗaurawa a wuya, abu ne mai rai, kuma a ƙarƙashin teku akwai garuruwansa, kifayen nan duk a cikinsu suke kwana suke tashi. Ya ce idan murjanin ya mutu, kifayen watsewa suke yi.

Ni dai kaina yana leƙowa daga kicin, in ga kifi biyu in koma. Sau da yawa yakan ce, "Yaya, zo ki zauna in nuna miki ainihin aikin. Waɗannan na nishaɗi ne." In ce wanda na gani ya ishe ni, miya za ta kama. Har tsokanarsa nake, wai an ba shi scholarship ya tafi yawon shan iska, mu muna nan muna fama da masu ciwon baya. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ke dai Yaya ba kya saurare." In ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shekara biyar muna haka, ban taɓa zama ba.

A tafiyarsa ta shida ya kira ni muryarsa a sanyaye. Ya ce bana ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego, kuma abin da yake gani babu daɗin gani. Ya ce igiyar ruwa ta watso cikin kwalekwale ta kashe masa laptop, network ɗin ƙauyen kuma ba ya iya ɗaukar komai, don haka duk hotunansa suna kan katunan kyamara sai ya dawo. Ni abin da na ji kawai shi ne laptop ta lalace. Na buɗe masa wuta a kan sakaci, na ce tun yana ƙarami bai iya riƙe abu ba. Da na gama, sai ya ce in ajiye masa miyar kuka.

Ranar Talata ya sauka. Ranar Juma'a da safe ya hau kekensa zai tafi uni, wato jami'arsu, wata motar kaya ta buge shi a kwana. Kafin in isa Birmingham ya cika. Ni na kira Hajiya. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ashe ba ruwa ba ne." Mutanenmu na Birmingham, Allah ya saka musu, su suka tsaya a kan takardu har aka ba mu shi, aka yi masa sutura. A can yake kwance, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta. Ba na son faɗin abin da ya wuce haka game da ranar.

Ɗaki ɗaya yake haya a unguwar Aston ta Birmingham, a wani gida da ɗalibai suke rabawa. Malamarsa, wata Baturiya da take duba aikinsa tun zuwansa, ta aiko min da saƙon ta'aziyya mai kyau, a ƙarshe ta ce duk lokacin da na samu sarari tana so a ba ta kayan aikinsa na wannan tafiyar. Na gaya wa Hajiya. Nan take muryarta ta canja. A wurinmu bare ba ya shiga ɗakin mamaci kafin nasa su shiga. Mutum yana da abin da bai so a gani ba, kuma yanzu ba shi da bakin da zai kare kansa, sai 'yan uwansa su zama bakinsa. Ta ce, "Ki shiga kafin kowa. Ki rufa masa asiri. Abin da ba zai so a gani ba, kada a gani." Na ce to. Aikin da na fi kowa iyawa ne aka ba ni.

Na je da rana, ni kaɗai, da laptop ɗina da baƙaƙen ledoji. Ban samu abin kunya ba. Safa ce mai datti a ƙarƙashin gado, da ledojin taliya, da daddumarsa a naɗe a kan kujera. Jakar tafiyarsa tana bayan ƙofa, ko kwance ta bai yi ba. Da na zuge ta, warin gishiri ya bugo ni, yashi ya zubo a kan kafet. A ciki na ga wani littafi da ya sha ruwa ya kumbura, rubutun fensir a ciki kamar tsakurar kaji, lambobi ne kawai da zane-zane. Na jefa shi a leda. Sannan na ga gwangwanin alewa, a ciki katunan kyamara guda huɗu.

Na zauna a bakin gadonsa na sa na farko. Kifayen nan ne da na saba gani, masu launi, wani ya kalli kyamara kai tsaye kamar yana tambayar wane ne wannan. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na share fuska na sa na biyu, sai na ga wani abu dabam. Hotuna ne ɗaruruwa, duk iri ɗaya. Wani farin bututun roba da aka haɗa kusurwa huɗu, an ɗora shi a kan wani abu fari fat kamar tarin ƙasusuwa, a gefe da ɗan allo mai lamba. Babu launi, babu kyau, babu abin kallo. Na uku haka, na huɗu haka. Na ce shi ke nan, ruwan da ya kashe laptop ya taɓa kyamarar ma, launin ya wanke. Ga kuma wannan bututun da bai ko kawar da shi daga gaban hoto ba.

Raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan da irin fatarmu ya san abin da nake nufi. Kuskure ɗaya za ka yi, a yi maka murmushi, a je bayan ƙofa a ce dama. Na hango Baturiyar nan ta buɗe waɗannan tarkacen ta ce yaron Najeriya ya yi wata biyu ya dawo da hotunan bututu. Na ce ba dai ƙanina ba, ba kuma ina raye ba. Na zaɓi masu kyau, wajen arba'in, na kwafe su a filas, ɗan abin nan na adana hotuna da ake sokawa a kwamfuta. Sauran na haɗa su gaba ɗaya na danna gogewa. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata na tabbata. Kati huɗu, bai kai minti goma ba. Na share yashin, na fitar da ledojin na zuba a bola ta ƙofar gida, na kama jirgin yamma ina jin na sauke nauyi.

Kyamarar tasa ce, ba ta uni ba. Hajiya ta ce a ba ɗan ƙanwarta mai ɗaukar hoton biki a Kano, ya riƙa neman abinci da ita, ladan ya je wa Auta. A makon wata ƙawata za ta gida, na ba ta kyamarar da katunan huɗu. Filas ɗin kuma na sa a ambulan na aika wa malamar.

Bayan mako biyu ta rubuto. Ta yi godiya, ta ce hotunan sun yi kyau ƙwarai, sannan ta tambaya ko iyakarsu ke nan. Na amsa mata tsakanin marasa lafiya biyu, na ce eh, iyakarsu ke nan. Washegari ta sake rubutowa, gajere. Ta ce ta fahimta. Ta ce bana shekara ce mai wuyar kallo ga duk mai son wurin nan, wataƙila zuciyarsa ta kasa, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Na karanta sau uku ban gane ba. Wane laifi kuma? Da na koma gida na miƙa wa maigida wayar.

Shi injiniya ne, ba ya gaggawar magana. Ya karanta ya ce, "Tana nufin bai yi aikin da ya kai shi ba."

Na ce, "Kamar yaya bai yi ba? Ba ga hotuna na aika mata ba?"

Ya ce, "Ban da waɗannan, me kika gani a katunan?"

Na gaya masa. Bututu, allo, farin abu. Ina faɗa ina yatsina fuska. Sai ya ɗauko tasa kwamfutar ya nemo wani bayani da Auta ya taɓa turo masa shekarun baya, domin shi yakan zauna ya saurare shi. Ya juyo min da fuskar. Ga bututun nan mai kusurwa huɗu, ga allon da lamba, sai dai abin da ke ciki ruwan ƙasa ne da kore da ja, ga ƙananan kifaye a kai.

Ya ce, "Irin wannan?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasan kicin. Garin neman gira na rasa ido.

A take na kira ɗan ƙanwar Hajiya. Ya ɗauka da murnarsa, yana ta godiya, wai kyamarar nan ba ta da na biyu, har ya yi biki uku da suna ɗaya da ita. Na ce a kan katunan? Ya ce ai duka huɗun ya cika su ya juye ya sake cikawa. Na daka masa tsawar da ba shi da hakkinta, na sa ya aiko min da su. Na kai wa wani mai gyaran kwamfuta a cikin gari wanda aka ce yana tono abin da aka goge. Ya riƙe su kwana huɗu. Abin da ya tono min amare ne, da ɗaurin kallabi, da 'yan mata suna rawa, da rago a ɗaure. Ya ce abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi, ko wa zan kai wa.

Daga nan sai na yi shiru. Wata biyar ban ce wa malamar komai ba. Kunya ce, ba wani abu ba. Na gaya wa kaina ai ya riga ya tafi, me magana za ta gyara. Amma abin bai bar ni ba. Ina cikin tram, jirgin nan na cikin gari, da safe, idan muka bi ta gefen ruwan nan na Salford, baƙi wuluk ba ya motsi, sai in ga kamar akwai farin bututu a ƙasa yana jira a ɗaga shi. Ranar nan a kasuwar Gorton na miƙa hannu zan ɗauki farin kabeji, irin mai dunƙule-dunƙulen nan, sai na ga ainihin abin da ke cikin hotunan. Na ajiye kwandon a wurin na fita. Har hoton ƙashi idan aka turo min a wurin aiki sai na ɗauke kai kafin in iya dubawa. Ba na ganin Auta a mafarki, ko sau ɗaya bai zo min ba, kuma wannan ya fi damuna. Na zama masifaffiya a gida, yara suna jin motsina sai su shige ɗaki. Hajiya kuwa duk kiran da za ta yi sai ta sa min albarka a kan yadda na gyara ɗakin ɗan'uwana.

Sai malamar ta sake rubutowa. Sashensu zai rataye wasu hotunansa a bango don tunawa da shi, ta turo min abin da za a rubuta a ƙasa in duba. Kalamai ne masu daɗi. An ce ya bibiyi wuri guda shekara biyar da haƙuri, sannan a tafiyarsa ta ƙarshe ya juya ga ɗaukar kifaye. Haka aka rubuta, cikin ladabi irin nasu, amma duk wanda yake cikin sana'ar ya san fassararsa. Za a manna a bango cewa a shekarar da aka fi bukatarsa ya kau da kai.

Maigida ya ce, "Gara a ce yayarsa ta yi wauta da a ce shi ya gudu daga aikinsa."

Na ce masa wa ya tambaye shi. Na ce shi ba a taɓa ba shi amanar ɗakin mamaci ba, ya bar ni in ji da abin da ke damuna. Ya bar ni. Da safe na nemi hutun kwana ɗaya na hau jirgin Birmingham.

Ofishinta ƙarami ne, ruwan sama yana dukan taga. Ban taɓa ganinta ba sai a wajen jana'iza daga nesa, ta yafa gyale a karkace. Tsohuwa ce 'yar siririya, fatar hannunta duk rana ta ƙona. Ta haɗa min shayi. Ban taɓa shi ba, na ce mata na zo in faɗi wani abu ne, kada ta katse ni. Na faɗa mata duka, da littafin da na jefa a bola, da amaren Kano. Na so ta yi faɗa. Da ta zage ni da na san yadda zan yi, domin faɗa ba baƙona ba ne.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "So he did it." Ashe ya yi. Ta maimaita, sai hawaye. Ta ce wata biyar tana fushi da mamaci, tana jin kunyar fushin, ba ta da wanda za ta gaya wa. Ta ce ta san shi, ta san ba halinsa ba ne, amma hujjar da ke hannunta ke nan. Ta ce za a canja rubutun a ranar.

Sannan ta ce in matso da kujerata, na matso. Ta buɗe aikin da shekara biyar yana roƙona in zauna in gani. Ta ce a shekararsa ta farko shi da kansa ya kafa turakun ƙarfe a ƙarƙashin ruwan, kowanne da lambarsa. Duk shekara, a wata guda, sai ya koma kan kowane turke ya ɗora bututun nan daidai inda ya ɗora bara, ya ɗauki hoto daga sama. Bututun shi ne ma'auni. Da shi ake gane wane reshe ya ƙaru, wane ya karye, me ya zo, me ya tafi. Ta ce idan ruwa ya yi ɗumi fiye da kima, murjani yakan fitar da wasu 'yan halittu da ke zaune a jikinsa, waɗanda su ne launinsa kuma su ne abincinsa, sai ya koma fari. Farin nan ba mutuwa ba ce tukuna. Yana tsakanin rai da mutuwa ne, na 'yan makonni, wani ya farfaɗo wani ya tafi. Wanda ya tafi, gansakuka ce take rufe shi, ya ruguje. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Abin da na gani shi ne abin da ke wurin.

Na ce to a tura wani ya sake ɗauka mana. Ta ce za a tura, baɗi. Zai ga abin da ya rage, amma ba zai ga yadda aka yi ba, wane ya fara fari, wane ya jure, daga ina abin ya kama. Wannan sai wanda yake cikin ruwan a makonnin nan, kuma a wannan yankin babu kowa a ciki sai shi. Ta ce mutanen ƙauyen suna neman a hana manyan jiragen kamun kifi shiga wurin ya samu ya huta, kuma hotunan bana ne za su fi yi musu magana. Ba ta faɗa da zafi ba, bayani kawai take yi min.

Ta danna lamba bakwai. Hotuna biyar suka jeru, shekara bayan shekara. Murjani ne guda mai rassa kamar ƙahon barewa, kana ganin yadda yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ya kusa cika bututun. A kusurwar hagu ta ƙasa, a duka biyar ɗin, akwai wani ɗan kifi baƙi mai ɗigon shuɗi, bai fi babban yatsa ba. Ta ce irinsu ba sa barin gidansu, har cizon mai nutso suke yi idan ya matso. Ta ce Auta ya fi son wannan turken, kullum shi yake fara nuna mata idan ya dawo. Bayan na biyar akwai fili, babu komai.

Ta ce, "Abin da za ki faɗa min ba zai shiga takarda ba, ba a karɓar irinsa. Don kaina nake tambaya. Duk duniya ke kaɗai ce mai rai da ta ga hotunan nan. Lamba bakwai. Ya yi fari duka, ko akwai sauran launi a gindinsa? Kifin yana nan?"

Na rufe ido. Wallahi na yi ƙoƙari. Na ga ɗakin, na ga yashin a kan kafet, na ga gwangwanin alewa a kan cinyata. Na ga hotunan ƙanana a jere kamar tayil, suna wucewa sama da sauri, yatsana yana tura su. Na tuna har abin da nake tunani a lokacin, ko zan samu jirgin ƙarfe biyar. Allon yana nan a kowane hoto, da lambarsa, ya rubuta da hannunsa a ƙarƙashin ruwa don wanda zai duba.

Na san idan na ce mata kifin yana nan za ta karɓa. Ina gani a fuskarta, so take in ce. Babu mai ƙaryata ni har abada, kuma da mu biyun mun samu abin riƙewa. Har na buɗe baki.

Ta jira.

Na ce mata, "Ban duba ba."

Ta gyaɗa kai. Ta mayar da tabaranta, ta juya ga kwamfutar, muka zauna muna kallon lamba bakwai har shayin ya huce.